Hayaƙi da magana: abin da ke tashi da abin da ke saura

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya iya karatun hayaƙi tun kafin ya iya karatun allo, ko da kuwa bai taɓa ɗaukar abin a matsayin karatu ba. Hayaƙin da ke tasowa daga tsakar gidaje bayan la'asar yana nuna an ɗora tukunyar tuwo. Wanda ke kwanciya a kan gonaki gab da faɗuwar damina yana nuna manoma sun yi shara suna ƙone tarkace, shi kuwa baƙi mai kauri na tayar mota, idan ya turnuƙe a tsakiyar gari, yakan sa ƴan kasuwa su fara tunanin jawo ƙofar shago tun kafin wani ya zo musu da labari. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin waɗannan. Mai girki ba ta hura wuta don ta sanar da unguwa komai ba, hayaƙin ne ya tona ta. Wanda ya cinna wa taya wuta kuwa hayaƙin yake nema, wutar hanya ce kawai. Na farko alama ce da ta kuɓuce wa mai ita, na biyu saƙo ne da aka aika da gangan, kuma yawancin abin da ya shafi hayaƙi, ko a wajen masu fasaha ko a wajen masu nazarin yadda mutane ke fahimtar juna, yana tsakanin waɗannan biyun ne.

Al'ummomi da dama sun mayar da hayaƙi manzo. A kan Babbar Ganuwar ƙasar Sin an gina hasumiyoyi a jere, kowace tana hango ta gabanta, da rana a tayar da hayaƙi, da dare a hura wuta, labarin mahara ya bi layi ya ƙetare tafiyar kwanaki cikin sa'o'i. A zamanin daular Ming an tsara abin da ƙa'ida: hayaƙi ɗaya da harbin igwa ɗaya na nufin abokan gaba kimanin 100, biyu na nufin kimanin 500, uku na nufin sun haura 1000, haka har sama. Mutanen asali na Ostireliya da na nahiyar Amurka su ma sun yi amfani da shi wajen sanar da isowar baƙi ko kiran taro. A ƙasar Hausa kuwa kunne aka fi dogara da shi. Sarakunan Katsinar Maraɗi da na Gobir a Tibiri suna da tambari da kakaki, ana buga ƙuge don tara jama'a, sanƙira yana zaga gari da shela. A ganina yanayin ƙasa yana da hannu a wannan zaɓi, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙarancin tuddai, wadda hazo ke rufewa watanni a lokacin hunturu, manzon da ya dogara da ido ba zai yi nisa ba.

Abin lura a tsarin na Sin shi ne hayaƙin kansa bai ƙunshi komai ba. Babu lamba 500 a cikin turnuƙu biyu. Lambar tana cikin kan sojan da ya hura da kan sojan da ya hango, saboda sun riga sun yi yarjejeniya tun kafin ranar. Baƙon da bai san dokar ba zai ga ana ƙona ciyawa ne kawai. Wannan shi ya sa hayaƙi ya zama misali mai kyau na magana, domin ita ma kalma iska ce da ta fito daga huhu ta bi ta maƙogwaro, kuma nauyinta yana wajen waɗanda suka yarda da ma'anarta.

Fadar Batikan ita ce wuri mafi shahara da har yanzu ake aika saƙo ta wannan hanya. Idan Fafaroma ya mutu ko ya sauka, manyan limaman Katolika da ake kira kadinal sukan shiga ɗakin ibada na Sistin a rufe ƙofa, a raba su da salula da duk wata hanyar magana da waje, su yi ta jefa ƙuri'a har mutum ɗaya ya sami kashi biyu cikin uku. Ana ƙone takardun ƙuri'ar a murhu, hayaƙin ya fita ta bututun da ke kan rufi: baƙi yana nufin ba a daidaita ba, fari yana nufin an zaɓa. A ranar 8 ga Mayu 2025, a rana ta biyu ta zaɓen da kadinal 133 suka shiga, farin hayaƙi ya fito, aka sanar da Fafaroma Leo na 14. Amma tarihin wannan bututu cike yake da ruɗani. A 1958 hayaƙin da ya kamata ya fito baƙi ya fara fitowa da fari-fari, har gidan rediyon Batikan ya sanar da cewa an yi sabon Fafaroma alhali ba a yi ba. Saboda irin haka ne daga 2005 aka ƙara murhu na biyu da ake zuba haɗin sinadarai a ciki, na baƙin yana da farar wuta, na farin yana da sukarin madara da ƙaron itace, sannan aka ƙara da kaɗa ƙararrawa don tabbatarwa. Saƙon da ba shi da amsa sai biyu, i ko a'a, ya buƙaci sinadarai da ƙararrawa kafin a daina saɓani a kansa. Wanda ya yi tunani a kan wannan ba zai yi mamakin yadda mutum biyu da suka zauna a tabarma ɗaya suka ji magana ɗaya za su tashi kowa da abin da ya fahimta ba.

Bayan yarjejeniya akwai amana, wadda ta fi ta saurin karyewa. Tsoffin marubutan tarihin Sin sun ruwaito labarin wani sarki mai suna You na daular Zhou, wanda yake sa a kunna hasumiyoyin gargaɗi ba tare da wani hari ba, don kawai matarsa Bao Si ta yi dariya idan ta ga hakimai sun sheƙo da dawakai a banza. Ranar da mahara suka zo da gaske, a shekara ta 771 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tayar da hayaƙi babu wanda ya amsa, aka kashe sarkin, birnin ya faɗi. Masana da yawa na ganin an yi wa labarin ado, amma abin da yake nunawa daidai ne: hasumiyoyin suna nan, itacen ya kama, hayaƙin ya tashi yadda aka saba, abu ɗaya ne ya lalace, wato yardar mai kallo. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga masu ƙetaro iyaka suka addabi ƙauyuka shekarun nan, kuma inda dubban ƴan gudun hijira daga Najeriya suka sauka tun 2019, saƙon murya na WhatsApp shi ne hasumiyar zamani. Yana iya ceton rai idan ya iso da wuri kuma gaskiya ne. Amma duk lokacin da wani ya tura tsohon saƙo kamar na yau ne, ko ya ɗauko hoton wata ƙasa ya ce ƙauyen makwabta ne, yana cin amanar da gargaɗin gaskiya na gobe zai dogara da ita, kuma ba shi ne zai biya kuɗin ba.

Masu fasaha na zamani da suka ɗauki hayaƙi a matsayin kayan aiki sun kasu gida biyu, masu kama shi da masu sakinsa. A ƙarshen shekarun 1930 wani mai zane ɗan asalin Ostiriya, Wolfgang Paalen, ya riƙa wuce takarda ko ƙyalle a saman harshen kyandir, baƙin hayaƙin ya bar tabo iri-iri, sannan ya duba siffar da ta fito ya ƙarasa ta da fenti. Bajamushe Otto Piene ya bi wannan hanya daga 1959. Wanda aikinsa ya fi taɓa ni shi ne ɗan Italiya Claudio Parmiggiani, wanda tun 1970 yake jera abubuwa a jikin bango, sau da yawa littattafai a kan kanta, ya cika ɗakin da hayaƙi mai kauri, bayan ya lafa ya kwashe kayan. Abin da ke saura shi ne bango baƙi da fararen gurabe, kowane gurbi da siffar littafin da ya taɓa zama a wurin. Babu littafi ko ɗaya a ɗakin, amma mai kallo yana iya ƙirga su. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwa bayan rasuwarta, aka sauke jeren ƙorai da tasoshi daga bangon da hayaƙin shekaru ya dafa, ya ga irin wannan zane ba tare da an kira shi fasaha ba.

Masu sakinsa kuwa sun yarda tun farko cewa aikinsu ba zai wuce mintuna ba. Ba'amurkiya Judy Chicago, tsakanin 1968 da 1974, ta riƙa tayar da hayaƙi mai launuka a hamada da filayen Kalifoniya, tana neman ta sauya fuskar wuri ba tare da ta haƙa ko ta gina komai a kansa ba. Cai Guo-Qiang na ƙasar Sin, wanda ya tsara wasan wutar bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008, yana aiki da albarushi, kuma a Disamban 2011 ya fasa dubban ƙunshin baƙin hayaƙi da rana tsaka a sararin samaniyar Doha, suka yi siffofi na ɗan lokaci iska ta share. Tun 1922 ma matuƙan jiragen sama suke rubuta tallace-tallace da hayaƙi a sama, sau da yawa harafin farko ya fara wargajewa kafin a gama na ƙarshe. Irin wannan mai fasaha yana da iko a kan adadin albarushi da launi da lokacin kunnawa, amma da zarar abin ya tashi, iska ce ke ƙarasa zanen. Haka mai magana yake. Yana zaɓen kalma da murya da lokaci, sauran aikin kuwa yana hannun halin da mai sauraro yake ciki, da abin da ya ji jiya, da wanda zai ba labarin gobe. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, suna nufin ba ta komawa. Hayaƙi ya ƙara da cewa ba ta ma tsayawa a siffar da ta fita da ita.

Ina ganin kuskure ne a ɗauka cewa sai an je Turai ko Sin ake samun wannan fasaha, domin duka gidajen biyu suna nan a garinmu, kuma sun girmi Paalen nesa ba kusa ba. Masu kama hayaƙi su ne malaman tsangaya. Tawadar allo ta gargajiya ana yin ta ne da baƙin gindin tukunya ko gawayi, a haɗa da ƙaro da ruwa, a tace, ƙaron ya riƙe baƙin ya manna shi a jikin allo ko takarda. Masarawan dā sun yi tawada da kunkunniya da ƙaro, mutanen Sin sun yi tasu da hayaƙin itace da na mai. Ke nan wani babban kaso na abin da ɗan Adam ya rubuta ya adana, da ragowar hayaƙi ya rubuta shi: abu mafi saurin ɓacewa shi ya ba da abin da ya fi daɗewa. Almajirin da ya tsoma alƙalamin kara a cikin tawada ya rubuta aya, ya haddace, ya wanke allon, ya sake rubuta wata, yana maimaita wannan zagaye kowace safiya, daga wuta zuwa baƙi, daga baƙi zuwa harafi, daga harafi zuwa ƙirji.

Masu sakinsa kuwa mata ne, kuma a nan ne na fi son a tsaya. Turaren wuta aiki ne mai ƙa'ida da sirri. Ana zaɓen itace, sandal ko waninsa, a farfasa shi daidai yadda zai ci wuta a hankali, a haɗa da kajiji da farce da ƙaro mai ƙamshi, a jiƙa da turarukan ruwa, a narka sukari a lulluɓe shi, a rufe a kwalba a bar shi ya kwana makonni har ƙamshin ya shiga juna. Matan Barno da Chadi da Diffa sun yi suna a kansa, amma kowane gari yana da gwanayensa, kuma mace takan gane haɗin wata daga ƙofar zaure. Sannan akwai gwanintar turarawa, wadda daban take da ta haɗawa. Garwashin da ya yi ja da yawa yana ƙone turaren ya ba da ƙauri, wanda ya mutu kuma ba ya tayar da shi, don haka ake rufa masa ɗan toka. Tufafi ana shimfiɗa su a kan kwandon da aka kifa a kan kasko, a bar hayaƙin ya ratsa zare. Wanda ya ce wannan ba fasaha ba ce, sai ya faɗi abin da ya rage mata: akwai kayan aiki, akwai horo daga uwa zuwa ƴa, akwai salo da ake gane mai shi, akwai masu ɗanɗano da ke bambance gwana da ƴar koyo. A Japan tun wajen ƙarni na 15 aka mayar da shaƙar turare fasaha mai zaman kanta, ana zama a kewaya da kasko, kowa ya yi ƙoƙarin gane itacen da aka sa. Abin da ya bambanta mu da su shi ne sun rubuta nasu, sun ba shi makarantu.

Turaren wuta kuma harshe ne, mai faɗin abin da kunya ba ta barin baki ya faɗa. Ɗakin amarya yana da nasa ƙamshi, na mai jego yana da nasa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wadda ke da girki ba ta buƙatar sanarwa. Baƙon da ya tarar an turara ɗakin saukarsa ya san an shirya masa, ba faɗowa ya yi ba. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, idan aka zagaya da kasko a ƙarshen zama, baƙi sun fahimci lokacin tashi ya yi, ba tare da mai gida ya furta kalmar da za ta yi nauyi ba. A nan ma ma'anar tana cikin sabo da yarjejeniya, domin hayaƙin da ke cewa maraba a wani gida shi ne ke cewa a sauka lafiya a wani. Masu bori, waɗanda Maraɗi ta daɗe da saninsu, suna amfani da turare a harkarsu da iskoki, masu maganin gargajiya suna ba da hayaƙi a turara wa marar lafiya, a cikin Zabura an kwatanta addu'a da turaren da ke tashi, kuma Alƙur'ani yana da sura ta 44 mai sunan hayaƙi, inda ya zo a matsayin gargaɗi bayyananne daga sama. Ba ina daidaita waɗannan ba ne, kowanne da matsayinsa a wajen masu shi. Abin da nake nunawa shi ne mutane a wurare masu nisa da juna sun ga abu mai tashi sama, wanda ake gani amma ba a damƙa, suka danganta shi da magana tsakanin bayyane da ɓoye.

Akwai wani gefen da misalin ya fi kaifi. Hayaƙi ba ya neman izini. Mutum yana iya kau da kai daga zane, yana iya rufe littafi, amma ba ya iya daina numfashi, shi ya sa ake yi masa kirari da fid da na kogo, kuma mafarauta da masu ɗibar zuma sun san dalili. Masu zanga-zanga suna magana da hayaƙin taya, jami'an tsaro suna mayar da amsa da mai sa hawaye, kuma a irin wannan muhawara wanda ya fi shan wuya shi ne na gefe, mai shago da yaron da aka aika. Hadisin da ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da almiski, mugun aboki kuma da mai zugar maƙera, ya ce ko bai ƙona maka tufa ba za ka tashi da wari. Magana ma tana kama jikin wanda ya zauna kusa da ita ko bai sa baki ba. Da can ana iya cewa ta bi iska, yanzu kuwa salula ta zama bangon da take dafewa a kai, kalmar da aka faɗa cikin fushi a zauren mutum goma tana iya dawowa bayan shekara a kunnen wanda ba a nufa da ita ba.

Ba zai yiwu a yi maganar kyawun hayaƙi a Maraɗi a manta da madafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kashin dabbobi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara, waɗanda suka fi kusa da murhu, su ne a sahun gaba. Matar da ke haɗa turaren da za a yaba, sau da yawa ita ce ke wuni idonta na zubar da ruwa a kan ɗanyen itace, da goyo a bayanta. Tarin da take yi da dare shi ma saƙo ne, irin wanda ba a aika da gangan ba, kuma an daɗe ana jinsa ba a karanta shi. Turaren wuta kansa, idan aka rufe ƙofa da taga aka cika ɗaki da shi a kan jariri ko mai asma, cuta ne komai daɗin ƙamshinsa.

Saboda haka ban ga abin baƙin ciki ba a yaɗuwar murhun gas da murhun da ke rage cin itace, ko kaskon lantarki da ya fara shiga ɗakunan amare. Abin da nake jin tsoronsa shi ne ilimin ya tafi tare da garwashin. Turaren kwalba da ake shigowa da shi daga Dubai yana da sauƙin samu, tawadar kanti ta fara maye gurbin ta ƙaro a makarantun allo da dama, kuma tsofaffin da suka san awon kowane haɗi a kansu suke riƙe da shi. Hoto ba ya ɗaukar ƙamshi, don haka adana wannan sani yana buƙatar a zauna da gwanayen, a rubuta sunayen itatuwa da saiwoyi da inda ake samo su, a rubuta wane haɗi ake yi wa wane buki da dalilinsa, da izinin masu shi kuma da sunansu a kai. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari, kuma yawancin ɗalibanta mata suna da kaka ko gwaggo da ta san aikin.